Inda Hannun Mai Bin Bashi Yake Tsayawa

A shekarar 2010 aka fitar da wani fim a Amurka mai suna Repo Men, wanda Jude Law da Forest Whitaker suka ja ragamarsa. Labarin wani zamani ne nan gaba, da wani kamfani ya ƙware wajen ƙera sassan jikin mutum: zuciya, hanta, ƙoda, har da ido. Tsadarsu ta fi ƙarfin aljihun talaka, don haka bashi ake bayar da su, a riƙa biya wata-wata da ruwa a kai. Wanda ya yi 'yan watanni bai biya ba, sai a aiko masa ma'aikata har gida, su sumar da shi, su farke shi, su kwashe kayan kamfani su kama gabansu. Shekara biyu kafin shi an yi wani mai irin wannan labari, Repo! The Genetic Opera. Ƙanena ne ya tura mini na farkon a waya, ya ce, "Yaya, ka daure ka kalla, ya taɓa sana'arka."

Ya taɓa ta kuwa. Mashin da Keke Napep nake bai wa matasa a nan Gombe, su riƙa kawo balas har su mallaka. Akwai takarda, akwai shaidu, akwai wanda zai tsaya wa yaro. Na sha karɓe mashin daga hannun wanda ya mayar da alkawari wasa, kuma ban ɗauki hakan zalunci ba, domin cikin jarin akwai kuɗin marayu da na matan da suka ba ni amana in juya musu. Addini ma bai raina haƙƙin mai bin bashi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) gawar mutumin da ake bi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Shi ya sa hujjar kamfanin cikin fim ta tsaya mini a rai. Cewa suke: mu muka ƙera, mu muka kashe kuɗi, kai ka sa hannu da hankalinka, ba ka biya ba, mun zo ɗaukar kayanmu. Kalmomin nan nawa ne, na faɗe su a Pantami, na faɗe su a Jekadafari. To mene ne ya halatta mini ɗaukar mashin, ya haramta musu ɗaukar zuciya?

Amsar da take zuwa da sauri ita ce jikin mutum ba haja ba ne. Amana ne a hannunsa, bai mallake shi ba balle ya jinginar. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta dashen gaɓoɓi da sharuɗɗa, ta haramta cinikinsu. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ma ta hana. Mun kuma ga yadda ta ƙare da Sanata Ike Ekweremadu, wanda kotu a Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023 saboda kai wani matashi ɗan talla daga Legas don a ciri ƙodarsa. Sai dai wannan amsa ba ta kashe bakin kamfanin ba. Zai ce ai ba naman kowa ya taɓa ba. Ƙarfe ne da roba, ga lambarsa a jiki, ga rasit.

Na kai maganar gaban malamina bayan karatun asuba, ina zaton zai ce shirmen Turawa ne. Sai ya ce ai malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna ta, da nasu misalan. Mutum ya ƙwaci zaren wani ya ɗinke rauni da shi. Zaren na mai shi ne, ba shakka, kuma ta hanyar ƙwace ya bar hannunsa. Duk da haka, idan farke ɗinkin zai halaka mai raunin, ba a farkewa. Kuɗin zaren za a biya. Haka wanda ya ƙwaci katako ya toshe ɓular jirgi: ba a ɓamɓare shi ana tsakiyar teku da rayuka a ciki, sai an kai gaɓa. Malam ya ce, "Alhaji, ka lura, wannan fa kayan ƙwace ne. Ina ga abin da mai shi ya sayar da yardarsa?"

Nan na samu bakin zaren. Haƙƙin mai kaya bai faɗi ba, wuri ya sauya: ya tashi daga kan abin ya koma wuyan wanda ake bi. Wuya kuwa ana jiransa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. A mazhabarmu ta Malikiyya, ko alƙali zai yi gwanjon dukiyar wanda bashi ya cinye, yakan bar masa abincinsa da na iyalinsa da tufar da zai sa. Shari'ar da ta hana a tuɓe wa mutum riga ba za ta yarda a tuɓe masa zuciya ba.

Da a nan maganar ta ƙare, da na kwana da sanyin rai. Amma ƙodar ƙarfe ba tatsuniyar fim ba ce. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, ya haɗa injin wankin ƙoda tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma jikokin injin nan suna aiki yau a garin nan. Bambancin kawai, ba a sa maka shi a ciki. Yana asibiti, kai kake zuwa wurinsa sau biyu ko uku a mako, ka kwanta kimanin awa huɗu, ka biya. Ranar da babu kuɗi, ba wanda zai zo da wuƙa. Kwanan wankin ne zai wuce, ƙafa ta kumbura, numfashi ya fara sarƙewa. Duk wanda yake da dangi wajen Gashuwa ya san yadda ciwon nan yake shiga gida. Wani yaro da na ba Keke, mahaifinsa ya kamu. Suka sayar da shanu, suka sayar da gonar gado, suka ci bashin da har yanzu ba su gama biya ba, tsohon bai kai ga damina ta gaba ba. Dashe kuwa, wanda asibitin Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, maganar miliyoyi ce, ga magungunan da za a sha har ƙarshen rayuwa.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. An gode, amma a yi lissafi: sau biyu a mako ya kusa 100,000 a wata, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000.

Hukuncin zare ba ya ceton wannan mara lafiya, domin ba a ƙwace masa komai ba, ba shi ne ba a yi ba. Ba kuma zan ɗora laifin a kan ma'aikaciyar jinya ko mai karɓar kuɗi ba. Matatar jini da bututu da ruwan wankin duk saye ake yi, wasu ma da dala. Abin da ya fi tsorata ni a nan shi ne babu mugu guda da za a nuna da yatsa kamar a fim, kuma inda babu wanda za a nuna, kowa sai ya ga ya kuɓuta. Fiƙihu bai yarda da wannan kuɓuta ba. Ceton ran da za a iya cetowa farilla ce ta kifaya: idan kowa ya noƙe, kowa ya ɗauki alhaki. Cikin rukuni takwas da Suratut Tauba ta ware wa zakka akwai waɗanda bashi ya danne. Hausawa suna cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. To nauyin mai wankin ƙoda ma yana kan duk mai hali a garin. Muna da attajiran Tudun Hatsi, muna da masu gidajen mai, muna da gidauniyar zakka da waƙafi. Na ga unguwar da masallaci yake kallon masallaci, ana kuma haƙa tushen na uku. Da an tsayar da shaguna goma waƙafi, hayarsu ta tafi ga wankin ƙodar marasa ƙarfi, ina da yaƙinin ladan ba zai gaza na bulo da siminti ba.

Ta ɓangarena, mashin ba zuciya ba ne, ba kuma zan daina karɓe shi daga mayaudari ba. Amma idan da shi kaɗai gida yake cin tuwo, ga mara lafiya a kwance, ya matso kusa da zaren nan ƙwarai. Na ƙara sharaɗi a takardata: jinyar mai mashin, ko ta iyayensa, ko matarsa, ko 'ya'yansa, tana dakatar da balas, a ɗora kwanakin a ƙarshe ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Abokan sana'a suka ce kowane yaro zai wayi gari da uba a asibiti. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don haka nake neman katin asibiti da shaidar wanda ya tsaya masa. Biyu daga cikinsu sun karɓi takardar sun kwafa, sauran sun ce sai sun ga yadda shekarata za ta ƙare.