TAJASSUSI DA WAYAR ZAMANI: NASIHA GA MATASAN ZANGO

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin ɓoye da bayyane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, da wuya a sami gida a Nima ko Mamobi ko Aboabo wanda ba shi da ɗa ko ɗan'uwa a ƙetare, kuma kullum muna aika musu saƙo ta waya, muna ganin kamar daga bakinmu sai kunnensu. To, ba haka abin yake ba. Saƙon yana fara bi ta injunan kamfanin da ya sayar mana da layi, sa'an nan ya ratsa manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Misalinsa kamar wasiƙa ce da muka ba direba a tasha ya kai mana Tamale. Duk wanda ya sami kujera a wannan tasha zai san wanda ya aika, da wanda aka aika wa, da lokacin da aka aika, kuma idan ba a liƙe ambulan ba, har abin da ke ciki zai karanta.

Gwamnatoci da dama sun sami wannan kujera. A 2006 wani tsohon ma'aikacin kamfanin AT&T mai suna Mark Klein ya bayyana cewa akwai wani ɗaki a ginin kamfanin da ke San Francisco, inda ake kwafe saƙonnin intanet domin hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA. A 2013 Edward Snowden ya fitar da takardun da suka nuna cewa hukumar GCHQ ta Ingila ta maƙala na'urori a wayoyin teku fiye da 200, tana ajiye abin da ke cikin saƙo kwana 3, bayanin wa ya tuntuɓi wa kuma kwana 30. Ɗaya daga cikin tashoshinta tana Bude, garin da wayar Glo-1 mai biyowa ta gaɓar Gana take ƙarewa. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci cewa tsarin da Ingila ta bi ya keta haƙƙin sirrin jama'a.

A nan gida kuwa, sashe na 18 na Tsarin Mulkin 1992 ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da maganarsa. Amma a 2020, lokacin annobar korona, an fitar da umarni mai lamba 63 wanda ya tilasta wa kamfanonin waya miƙa bayanan masu layi ga hukuma. Wani lauya ya kai ƙara, kuma a watan Yuli na 2021 Babbar Kotu ta ce an keta haƙƙin mutane.

To, mene ne matsayin addininmu? Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 12 cikin Suratul Hujurat, ya haɗa abubuwa uku ya hana: yawan zato, da tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, da giba. Mu dubi yadda aka jera su. Zato ne yake haifar da leƙe, leƙe kuma ya haifi cin naman mutane. Ayar ba ta ware sarki ta bar talaka ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai nuna cewa idan shugaba ya dinga neman abin tuhuma a cikin jama'arsa, to lalata su zai yi. An kuma ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umar (R.A.) yana sintiri a Madina tare da Abdurrahman ɗan Aufu (R.A.), sai suka ji hayaniyar masu shaye-shaye a wani gida. Da Umar ya nemi shawararsa, sai Abdurrahman ya tunatar da shi cewa su ma sun auka cikin abin da Allah ya hana. Nan take Sarkin Musulmi ya juya ya bar su.

Wannan ba ya nufin hukuma ta naɗe hannu a cutar da bayin Allah. Imamu Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya yi bayani a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya cewa ana iya bincike idan amintacce ya kawo labarin ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar wanda ya keɓe da wani zai kashe shi. Ke nan sai da dalili, a kan mutum sananne, gwargwadon larura. Shi ya sa muke goyon bayan a ce sai da izinin alƙali. Amma a jefa koma a kan al'umma baki ɗaya, a kwashe na mai laifi da na marar laifi, wai ko a dace, wannan shi ne zaton da aka hana.

Muna jin wasu daga cikinmu suna cewa wanda ba shi da laifi ba ruwansa da mai leƙe. Ya ɗan'uwa, ashe laifi ne ya sa aka rataya labule a ƙofar ɗakin mahaifiyarka? Suratun Nur ta umarce mu da neman izini kafin shiga gidan wani, ko da kuwa gidan salihi ne. Matar da ke neman fatawa a kan aurenta, da saurayin da ke son tuba yana tambayar malami hanya, da mai ciwon da bai so a sani ba, duk suna da haƙƙin sutura. Ranar da suka ji ana sauraro, za su yi shiru, fatawa ta tsaya, nasiha ta mutu, kowa ya riƙa kallon maƙwabcinsa da ido guda. Lalacewar da hadisi ya faɗa ke nan.

Sai dai laifi tudu ne. Mu da muke kukan gwamnati, nawa ne cikinmu ba su taɓa ɗaukar wayar matarsu ko ta abokinsu suna bincike ba? Nawa ne suka naɗi muryar mutum bai sani ba, suka watsa a majalisar shan ataya? Imamul Bukhari ya ruwaito cewa mai sauraron zancen mutane alhali ba sa so, za a narka dalma a zuba masa a kunne ranar Alƙiyama. Aure nawa ya mutu a zangunanmu saboda hoton hira guda ɗaya?

Don haka muna kira da abu uku. Na farko, mu san haƙƙinmu, mu tambayi 'yan majalisarmu duk lokacin da aka kawo dokar da ta shafi sauraron waya, kamar yadda jama'a suka yi a 2016 har aka janye wani ƙuduri irin wannan. Na biyu, mu liƙe ambulan ɗinmu. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙo ta yadda kamfanin layi ba ya iya karantawa, ko da yake yana sanin lokacin da muka hau da unguwar da muke. Kiran waya da saƙon tes na yau da kullum ba su da wannan kulli. Na uku, wanda ya fi duka, mu tuna da mala'iku masu rubutu da aka ambata a Suratu Ƙaf. Na'urar gwamnati tana kuskure, tana mantuwa, kotu tana iya dakatar da ita, amma littafin da ake rubuta mana babu abin da yake bari. Kada mu rubuta a waya abin da za mu ji kunyar a karanta mana gobe Ƙiyama.

Allah ya suturta mu duniya da lahira, ya shiryi shugabanninmu, ya kare zangunanmu daga sharrin mai leƙe da mai tsegumi. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.