Jarumar Kwatano, Wa Zan Yi Wa Guɗa?

'Yan uwana mata, da yawanmu ba mu san Kwatano ba sai a bakin masu saro atamfa da leshi. To, a 2022 gwamnatin Benin ta kafa mutum-mutumin wata mace a birnin, tsawonsa mita 30, riƙe da bindiga da takobi. Tunawa ce da sojoji mata na masarautar Dahome, waɗanda suka tari Faransawa a 1892 zamanin Sarki Behanzin. Wallahi abin yana burge ni, a ce mace ce ta tsaya gaban bindigar Bature.

Amma fa akwai abin da ya tsaya min a rai. Wannan rundunar dai, zamanin Sarki Gezo, ita ma tana fita kamen bayi, a kora su Wida a sayar wa masu jiragen ruwa. Mace ta kamo 'yar mace 'yar uwarta! Kuma cikin waɗanda aka loda a wannan gaɓar har da Hausawa, aka kai su Brazil, Allah sarki.

Ni inda mutanen Benin suka samu girma a idona, ba su rufe wannan ba. Tun 1995 aka gina Ƙofar Ba Dawowa a bakin tekun Wida, tafiyar kamar kilomita 40 daga inda jarumar take tsaye.