Gicciye a Kan Fitila, Mai a Cikinta

Karatu: Matiyu 25:1-13

A ƙarni na 5 da na 6 bayan haihuwar Almasihu, maginan tukwane na ƙasar da ake kira Tunisiya a yau sun shahara wajen yin ƙananan fitilu da jan yumɓu. Girman fitilar bai wuce tafin hannu ba. Akan danna yumɓu cikin mazubi biyu, na sama da na ƙasa, a haɗa, a gasa, a bar kafar zuba man zaitun da bakin lagwani. A samanta kuwa akan fito da gicciye, ko kifi, ko kurciya, ko haruffan Helenanci biyu na farkon sunan Kristi. Jiragen ruwa suka yi ta kai su Italiya da Masar da Girka. Kayan gida ne na yau da kullum, kamar aci-balbal a ƙauyukan Kontagora. Wato shaidar bangaskiya tana nan inda iyali ke cin abincin dare.

A kewayen Urushalima ma an tono fitilun yumɓu na wajen wannan zamani, masu ɗauke da rubutun Helenanci da ke shelar cewa hasken Almasihu na kowa ne. Amma a kan da yawa daga cikinsu rubutun ya gurɓace: haruffa sun juye, wasu sun ɓace, har ba ya karantuwa. Magini ya kwaikwayi magini, siffa ta wanzu, ma'ana ta salwanta.

Iyaye, wannan gargaɗi namu ne. Mun raɗa wa 'ya'yanmu sunayen Littafi Mai Tsarki, mun rataye aya a bango, mun manna gicciye a mota. Shin yaron da ke haddace Addu'ar Ubangiji ya san abin da yake roƙo? Budurwai goman nan duka suna da fitilu. Mai ne ya raba su, kuma ba a ba da aronsa da tsakar dare ba. Ado ba ya kama wuta.

Saboda haka kada mu bar wa malaman makarantar Lahadi wannan aiki su kaɗai. Kowace yamma a tara iyali, a karanta Maganar Allah, a bayyana ta da harshen da yara ke ji, a bar su su yi tambaya, sa'an nan a yi addu'a tare. Mu yumɓu ne. Ruhu Mai Tsarki ne mai cika mu.

Ubangiji ya same mu da fitilu a kunne ranar zuwansa. Amin.