Abin Lura: Faifan Wake a Hannun Kaka

A gidaje da yawa akwai tsohuwar da gigin tsufa ya kama. Za ta ci tuwo ta wanke hannu, can an jima ta ce tun safe ba a ba ta komai ba. Za ta tambaya ina mijinta Malam, alhali ya shekara goma da rasuwa. Amma a miƙa mata faifai da wake, sai ka ga yatsunta na tsince tsakuwa babu kuskure. Haka dattijon da ya daina gane ɗan cikinsa, da an tayar da iƙama zai shiga sahu, Fatiha na fita daga bakinsa tsaf.

Likitoci sun san dalili. Cutar Alzheimer, wadda ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na wannan larura, takan fara ɓata sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abu. Abin da jiki ya saba da shi tun ƙuruciya a wani sashen yake, shi ya sa yakan daɗe bai goge ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu larurar a duniya sun haura miliyan 55.

To amma mu, da sunan tausayi, mukan karɓe faifan: "Kaka, ki huta." Daga nan sai zaman ɗaki, sai kulle ƙofa don kada ta fita ta ba mu kunya. Mukan tsaya musu da ita: "Yanzu fa kika ci!" Duk sanda ta tambayi Malam mu ce ya rasu, ta yi sabon kuka kamar yau aka yi. Da an ce, "Kaka, ba mu labarin ranar da aka kawo ki gidan nan," da hankalinta ya kwanta, jikoki kuma su ƙaru.

A Japan, tun 2005 ake koya wa masu kanti, ma'aikatan banki da 'yan makaranta yadda za su gane mai ruɗewa su taimake shi, kuma miliyoyin mutane sun sami wannan horo. Unguwanninmu ba su rasa irin waɗannan idanu ba. Mai shayi ya san uban kowa, ɗan acaɓa ya san kowane lungu. Sai dai ba za su taimaka ba in mun ɓoye musu. Tsohuwar da ta ɓace cikin dare, ta faɗa unguwar da ba a san ta ba tana sambatu, ita ce wani lokaci ake kira mayya har a yi mata rotse. A sanar da mai unguwa da liman, a ɗinka mata lambar wayar gida a jikin zane.

A kai ta asibiti kuma, domin wata ruɗewar daga ciwon da ke da magani take, kamar cutar mafitsara ko ƙarancin sinadarin B12. Sannan a dubi mai jinya. Galibi 'ya ce ko suruka, ita ke wanka da wanki, ita ke kwana ido biyu, wani lokaci ita ake zargi da satar kuɗin da Kaka ta ɓoye ta manta. 'Yan'uwa su raba kwanaki, maƙwabciya ta karɓe ta ko na yini guda. Mai jinyar da ba ta runtsa ba, haƙurinta ba zai kai ko'ina ba, kuma tsohuwar ce za ta fara ɗanɗana hakan.