Idan Mai Jirgi Ya Karye, Wa Za a Fara Biya?

A shekarar 1995 Gwamnatin Tarayya ta rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wato NNSL, wanda aka kafa a 1959. Tun kafin nan masu binsa bashi sun sa an tsare waɗansu jiragensa a tashoshin Turai. Fiye da shekaru ashirin bayan rushewar, tsofaffin ma'aikatan jiragen ba su daina kai kuka a kan haƙƙinsu ba, da yawa kuwa sun mutu ba su karɓa ba.

Mu da ke Matsinkai da kewayen Bagudo ba mu da teku, amma muna da Kwara, mun kuma san yaran jirgi masu jigilar kaya tsakaninmu da ƙasar Benin. Tambayar ta shafe su: idan mai jirgi ya karye, dukiyarsa ba ta kai bashin da ke kansa ba, wa za a fara biya?

Dokar teku ta daɗe da ba da amsa. Albashin ma'aikaci manne yake da jikin jirgin, ko an sayar wa wani, bashin yana binsa. Dokar Nijeriya ta 1991 ta ba Babbar Kotun Tarayya ikon tsare jirgi saboda wannan, yarjejeniyar Janeba ta 1993 kuma ta sa albashi gaba da bankin da ke riƙe da jingina.

Wani zai ce ai bashi bashi ne, kuɗin banki ma na mutane ne. Ba mu ga haka ba. Mai ba da rance ya auna hatsari, ya karɓi jingina, ya ɗora ribarsa, bai kuwa zuba dukiyarsa duka wuri ɗaya ba. Ma'aikaci kwanakinsa ya bayar, ba kotun da za ta mayar masa da su. A tsakiyar ruwa kuma ba shi da halin ajiye aiki ya koma gida. Littafin Firistoci ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun ubangidansa, Paparoma Leo na 13 ma a 1891 ya lasafta danne lada cikin laifuffukan da ke kuka har sama.

Karyewar arziki ba sata ba ce, mai jirgin da kasuwa ta kayar abin tausayi ne. Laifin yana kan wanda ya san asusu ya ƙafe, ya ci gaba da tura mutane ruwa wata da watanni da alkawarin baki, har jirgin ya yi tsatsa, kuɗinsa bai isa biyan kowa ba. Domin toshe wannan kafa ne tun 2017 dokar ƙwadago ta teku ta wajabta inshorar da za ta biya albashi har na wata huɗu idan an yashe ma'aikata.

A Kwara ba inshora, da baki ake ƙulla yarjejeniya. Saboda haka ranar da aka sayar da injin jirgin wanda ya karye, dattawan da ke zaman rabo su fara ƙirga na yaran jirgi, kafin ɗan kasuwar da ya ba da mai bashi ya miƙo hannu.