Guzurin Hajji Har Da Ƙafafunki

Ya ke 'yar'uwa maniyyaciya, kin biya kuɗin kujera, kin ɗinka hijabai, to jikin fa, kin shirya shi? A Islamiyyarmu ta Ƙofar Marusa na sha jin hajiya ta dawo tana kukan gwiwa, ɗawafi ma sai a keke aka tura ta.

Sa'ayi kaɗai, sau 7 tsakanin Safa da Marwa, ya kai wajen kilomita 3, ga tattakin jifa a Mina. Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) ta wuce shi; da ta yi jiki, shi ya wuce ta. Ashe motsa jiki ba abin kunya ba ne.

Ki fara tun yanzu. Zagaya tsakar gida na minti 30 bayan sallar Asuba. Rage maiƙo da lemon kwalba. Raba cikinki uku yadda hadisi ya koyar: abinci, ruwa, numfashi. Amma kada ki horar da kanki da yunwa. Mai ciwon suga ko hawan jini ta fara ganin likita. Azumin nafila kuwa, don Allah ake yin sa, ba don rage ƙiba ba.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya karɓa mana, amin.