Ɗana, Ajiye Manyan Tayoyin Nan Tukuna

Ɗana, na san abin da ke cin ranka tun da tsohuwar Land Cruiser ɗin nan ta shigo hannunka. So kake ka ɗaga ta, ka sa mata ƙosassun tayoyi, ka kafa bambar ƙarfe a gaba, ka jera fitilu a rufi, duk wanda ya hango ta ya kauce. Ban ga laifinka ba, motar ta isa a yi taƙama da ita. Samfurin 80 da Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, da yayarta samfurin 70 da ta fito tun 1984, irinsu ne da Hilux direbobin Agadez ke kutsawa Sahara da su, inda babu gareji babu mai faci. Sai dai motar da ta haura shekara 25 ta bi ta hannun mutane da yawa, kuma kowannensu ya cire wani abu ko ya ƙulla wani abu. Aikin da ke gabanka shi ne ka fara mayar da ita yadda maƙeranta suka sallamo ta. Ƙari sai bayan nan.

Kafin ka ɗauki sifana, ga maganar ranka. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Motar nan ta haura tan 2, jak kuwa ɗan robar da ke cikinsa ne ke tare mai, ranar da ya gaji ba zai yi maka sallama ba. Ka sayi ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ka sa waigi a taya, ka yi aikin a kan daɓe. Bulon siminti da ake jerawa a wasu garejoji farfashewa yake yi lokaci guda.

To, buɗe bonet, ka fara da ruwa. Ina kyautata zaton in ka kwance gidan tamostat za ka tarar da shi wayam. Al'ada ce a garejojinmu: injin ya yi zafi, sai a zare tamostat a jefar, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Tamostat shi ke sa injin ya kai ɗumin da ya dace da shi da wuri, ya kuma zauna a nan. A injuna da yawa shi ne ma ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa ba tare da ya shiga lagireto ba, don haka cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu. Ainihin ciwon yawanci yana wani wuri: lagireton da ruwan rijiya ya toshe da gishiri da tsatsa, ko murfinsa da ya daina riƙe iska, ko kulocin fanka da mansa ya tsiyaye har fankar ke juyawa ba ƙarfi. Ka wanke lagireto, ka sa sabon murfi da sabon tamostat, ka zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya. Murfin kuma ba a buɗe shi injin na tafasa, sai dai in kana son fatar fuskarka ta saluɓe.

In injinka 1HZ ne, mai silinda 6 da lita 4.2, to ka dace, domin jakin injin ne, ba kwamfuta, ba ya neman komai sai baƙin mai mai kyau da gas mai tsabta. Amma bel ke juya masa tayimin, kuma ka'idar tsofaffin ita ce a canza shi duk kilomita 100,000. In ya tsinke kana tafiya, fistin da bawul za su yi karo, ka koma neman kuɗin injin. Wanda ya sayar maka zai rantse cewa bai daɗe da canzawa ba. Ka ce masa Allah ya saka da alheri, sannan ka canza, har da abin da ke ɗaure bel ɗin.

Yanzu durƙusa bayan tayar gaba. Za ka ga wata ƙwallon ƙarfe a ƙarshen aksil, wadda taya ke juyawa a kanta in an karya sitiyari. In ta ɗan yi maiƙo, lafiya. In kuwa wani baƙin kunu ne ke zuba daga gefenta har ya ɓata cikin taya, to robar da ke raba man giya da giris ta mutu, sun cakuɗe, haɗin da ke ciki yana cin kansa. Wannan aiki ne da za ka iya yi da hannunka, kuma babu wanda zai koya maka motar kamarsa, amma yana son haƙuri. Shimfiɗa tsohon buhu, duk abin da ka ciro ka ajiye bi da bi. Akwai 'yan siraran faifan ƙarfe a sama da ƙasan gidan, kada ka haɗa na sama da na ƙasa, su ke daidaita zaman aksil a tsakiya, in sun rikice sabuwar robar ma ba za ta daɗe ba. Babban notin cikin hob soket mai lamba 54 ke kwance shi. In ka ga gefensa duk sara, wani ne ya riga ka da cizal da guduma. Kai ka sayi soket ɗin. Girisin cikin ƙwallon baƙi ne mai moli, daban da na boris ɗin taya, kuma ƙarfin ɗaurin boris da ɗan sikelin hannu ake auna shi, adadin yana cikin littafin gyaran motar. Littafin nan ka neme shi kafin ka nemi fitila. Kana nan ƙasa, ka laluba ɗan bututun numfashi da ke saman aksil. In laka ta toshe shi, zafi zai tura mai ta bakin roba. In kuma ka tsunduma rafi da aksil mai zafi, ruwa zai tsotsa. Man giyar da ya koma kalar madara shaida ce ruwa ya shiga.

Sai fa ka gama waɗannan, birki ya kama, an zubar da tsohon man birki da ya sha laima, sannan mu zauna maganar tayoyinka.

A ce kana kan inci 31 ka koma 35. Ka ƙara kusan kashi 13 cikin 100 a kewayen taya. Allura za ta nuna 100 kana gudun 113, lissafin kilomita zai riƙa yi maka ƙwauro, ka makara wajen juyen mai. Injin da da ma can ba gwanin gudu ba ne zai ƙara nauyi a hawa, kuloci ya sha wuya, birki ya ƙara nisan tsayawa. Ɗagawar ma haka take. Inci 2 mota na jurewa ba rigima sosai. Ka wuce nan, sitiyari ya fara yawo a kwalta saboda kwanciyar aksil ta sauya, tiyon birki ya miƙe har ya kusa tsinkewa in taya ta faɗa rami. Akwai kuma wanda kusan kowa ke mantawa: wani bawul a baya da ke auna nauyin kaya ta tazarar bodi da aksil, yana ƙara wa birkin baya ƙarfi in an yi lodi. Ka ɗaga mota ba ka gyara sandarsa ba, kullum zai ɗauka motar fanko ce, ko da buhunan gero ne cike da ita. Sannan duk abin da ya yi sama, bodi ne ko jarkokin da ka ɗaure a kariya, kusantar da kai yake ga kifewa a kwana.

Masu cewa ka liƙa wa 1HZ turbo, ko ka murɗa sukurun famfon gas don ta ƙara ja, ka tambaye su wa zai biya fistin. Lokacin da Toyota ta so turbo a wannan gida, wani injin ta fitar, 1HD-T, da nasa fistin da nasa tsarin fesa mai. Baƙin hayaƙin da ke fita bayan an murɗa sukuru gas ne da bai ƙone ba, zafi kuma yana taruwa a kan fistin ba ka gani. Famfo da nozul aikin masu na'urar gwaji ne, kai musu. In bututun nozul na yoyo, kada ka nemi wurin da yatsa, ƙarfin feshin na iya huda fata. Sandar sitiyari da ta lanƙwashe ko ta tsage kuma ba a kai ta wurin mai walda, sabuwa ake sawa.

Fitilun ka sa abinka, amma kowace waya da ta taso daga batir a sa mata fis kusa da kan batir ɗin, a bi da ita ta cikin roba duk inda za ta ratsa ƙarfe. Fis ɗin da ke yawan ƙonewa ƙara yake kawo maka. Mai naɗe shi da zaren waya gobara yake gayyata.

In za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, tafi da lambar shasi a rubuce da tsohon abin a leda, domin samfuri ɗaya na iya zuwa da kaya iri biyu gwargwadon shekara da ƙasar da aka yi wa motar. Ƙarfe na hannu, irin su murfin giya ko ƙafar injin, ba laifi in ka duba da kyau. Roba, bel, boris da kayan birki kuwa sababbi za ka saya, ko da kuɗin tayoyin ne zai tafi a kansu. In taka mai makulli ce a hob ɗin gaba, ranar da ka fita gwaji ka tuna ka cire ogzilari da zarar ka hau kwalta, in ba haka ba ƙarfunan za su murɗe juna har giyar ta ƙi fita. A rairayi kuma rage iskar taya zai fitar da kai inda inci 35 mai tauri zai kafe, muddin akwai famfo a bayan mota da za ka mayar da iskar.